Cutar Da Ba Ta Jin Magani

Jawabin faɗakarwa ga jama'ar Ojoo da Sabo a birnin Badun



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a faɗakar da jama'a game da wani al'amari da ya daɗe yana damun likitoci a manyan asibitocin ƙasar nan, amma har yanzu bai shiga kunnen talakawa yadda ya kamata ba. Al'amarin kuwa shi ne, magungunan da aka dogara da su shekara da shekaru wajen kashe ƙwayoyin cuta sun soma gazawa. Akan kwantar da maras lafiya a asibiti, a gane cutarsa, a ba shi maganin da aka san shi ne nata, a kan kari, amma zazzaɓi ya ƙi sauka, miki ya ƙi kamewa. A sauya masa wani magani mai tsada, shi ma ya tashi a banza. A irin wannan hali dangi sukan soma zargin likita, wasu ma su ce jifa ne ko sammu, su ɗauke ɗan'uwansu su koma gida. Alhali kuwa sau da yawa ƙwayar cutar ce ta riga ta ƙware wajen kare kanta daga maganin tun kafin a kawo maras lafiyar asibiti.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta dace da Ojoo. Tun a shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, watau Ibadan, kuma fataucin shanu da goro ne ya raya ta: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura. Da gari ya bunƙasa sai jama'a suka bazu zuwa Ojoo da Sasa da kewayen Akinyele, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da hatsi da dabbobi. Mutumin da ya kwana a Ojoo yau, gobe yana iya wayar gari a Kwantagora ko Funtuwa, jibi a Maraɗi. Ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa da kan fatarsa tare da shi suke tafiya, ba shingen kwastan da zai tare su. Har wa yau, wanda ya taso daga Ojoo ya bi titin da ya wuce ƙofar Jami'ar Badun da Sango har Mokola, kaɗan ya rage masa ya isa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, shi ne kuwa irinsa na farko a Nijeriya. A wannan asibiti da wannan jami'a ake yin wani babban sashe na binciken da ya nuna wa ƙasar nan girman matsalar.

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe abubuwan da ake haɗawa a kira su ƙwayoyin cuta, gama rashin rarrabe su na daga cikin tushen ɓarnar. Akwai bakteriya, waɗansu halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ke haddasa taifot da kwalara da tarin fuka da ciwon sanyi da maruru da ruɓewar miki, da kuma gurɓatar jini. Akwai bairas, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ke kawo mura da ƙyanda da yawancin tari da gudawar yara. Sa'an nan ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ita kuma jinsinta dabam, maganinta dabam. Magungunan da ake kira antibayotik, irin su fenisilin da amfisilin da tetirasaikilin da Septrin da Ampiclox da Augmentin, domin bakteriya aka yi su. Ba su taɓa bairas ko kaɗan. Wanda mura ta kama ya sha kafso ya warke bayan kwana 5, da ma zai warke ko bai sha ba.

Waɗannan magunguna ba su daɗe a duniya ba. A shekarar 1928 wani masani mai suna Alexander Fleming ya gano fenisilin a asibitin St Mary da ke London, amma sai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka iya sarrafa shi da yawa, bayan aikin da Howard Florey da Ernst Chain suka yi a Oxford. Kafin nan, ƙaramin rauni a gona ko zazzaɓin bayan haihuwa ya isa ya kai mutum kushewa. Abin lura shi ne, tun a 1940, kafin maganin ya shiga hannun jama'a, aka riga aka gano bakteriyar da ke iya lalata shi. Fleming da kansa, sa'ad da ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa ranar da fenisilin zai samu a kanti ga kowa, akwai haɗarin mutum ya sha ƙasa da kima, ƙwayoyin su saba da shi maimakon su mutu. Haka kuwa aka yi. Aka ƙirƙiro metisilin domin ya maye gurbin fenisilin, ba a je ko'ina ba, a 1961, aka sami bakteriyar da ba ta jinsa a Ingila. Tun daga nan ake ta tsere tsakanin masu haɗa magani da ƙwayoyin cuta, kuma a shekarun baya-bayan nan sababbin magunguna sun yi ƙaranci, domin haɗa su na cin kuɗi mai yawa, ribarsu kuwa ba ta taka kara ta karya ba a wurin kamfanoni.

To, ta yaya halittar da ba ta da kai ba ta da ido take koyon kare kanta? A nan ne ake yawan yin kuskure. Sau da yawa akan ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani kaza, shi ya sa ba ya yi masa aiki. Jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik. Ƙwayar cutar ce ke sauyawa. Bakteriya takan hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu, kuma akwai wadda in ta sami wuri mai ɗumi da abinci takan rabe duk bayan minti 20. Bisa wannan lissafi ƙwaya ɗaya tak takan haura miliyan 2 cikin sa'o'i 7. A cikin irin wannan cincirindo ba a rasa 'yan kaɗan da suka fito da wani bambanci a halittarsu, wanda zai sa magani ya kasa kama su. In aka sha antibayotik, sai ya share masu rauni ya bar waɗannan 'yan kaɗan, su kuwa su sami fili ya zama nasu su kaɗai, su yi ta hayayyafa. Manomi ya san kwatankwacin wannan: in ya yi ta fesa maganin ciyawa iri ɗaya shekara da shekaru, ciyawar da ba ta jinsa ita ce za ta gaje gonar.

Dabarun da suke amfani da su iri-iri ne. Wata takan fitar da wani sinadari da ke farfasa maganin kafin ya isa gare ta. Wata takan tofar da shi waje da zarar ya shiga. Wata kuma takan sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, kamar yadda ake sauya kwaɗo a bar mai tsohon mabuɗi a tsaye bakin ƙofa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, bakteriya tana iya miƙa wa wata bakteriya wannan dabara, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta wani ɗan ƙullin gado da suke musaya a tsakaninsu. A cikin hanjin kowane lafiyayyen mutum akwai bakteriya da ba su ƙirguwa, yawancinsu masu amfani ne. Duk kafson da aka haɗiya ba bisa ƙa'ida ba, su ma yana horar da su. Mutum yana iya yawo da ƙwayoyi masu taurin kai a cikinsa wata da watanni, lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya yi haɗarin mota, ko aka yi masa tiyata, ko mace ta zo haihuwa, sa'an nan su sami ƙofa su shiga jini.

Wannan ne ya sa al'amarin ya fi ƙamari a asibiti. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce katangar jiki, a asibiti kuwa dole ake huda ta domin ceton rai: ga allurar ƙarin ruwa a jijiya, ga robar fitsari, ga ɗinkin tiyata, ga bututun na'urar numfashi a maƙogwaro. Waɗanda ke kwance kuwa su ne mafi rauni a cikin al'umma, watau bakwaini da tsofaffi da masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda da waɗanda wuta ta ƙona. A nan ne kuma ake amfani da antibayotik fiye da ko'ina, saboda haka ƙwayoyin da suka iya rayuwa a ɗakin kwanciya su ne waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa a cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, kimanin 7 a ƙasashe masu arziki, da kimanin 15 a ƙasashe masu tasowa, sukan kamu da wata cuta a can asibitin, wadda ba da ita suka zo ba. A cikin kowane 10 da suka kamu kuwa, kimanin 1 yakan rasa ransa.

Likitoci suna da matakan magani kamar matakan tsani. In jariri ya kamu da gurɓatar jini, abin da aka saba somawa da shi shi ne amfisilin haɗe da jentamisin, domin suna da araha kuma an san halinsu. In sun gaza, a hau zuwa allurar seftiriyazon da danginta. In ita ma ta gaza, sai merofenem, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Bayansa abin da ya rage kaɗan ne, kamar kolistin, tsohon magani da aka taɓa jingine shi saboda yadda yake taɓa ƙoda, aka kuma komo masa don ba yadda za a yi. Kowane mataki aka hau, kwanakin jinya sun ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Mai sayar da albasa da ya kwana 30 a asibiti maimakon 7, jarinsa ne ke narkewa, ko da Allah ya ba shi lafiya daga baya.

Ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Daga 2015 zuwa 2018 an gudanar da wani babban bincike mai suna BARNARDS a kan jarirai sababbin haihuwa a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya, kuma asibitin Murtala Muhammad na Kano da waɗansu asibitoci a Abuja suna cikin wuraren da aka yi shi. Bakteriyar da ake kira Klebsiella ta fito a sahun gaba cikin masu gurɓata jinin jarirai. Da aka gwada ita da danginta da aka samu a ƙasashen baki ɗaya, kusan dukkansu ba su jin amfisilin, kimanin 7 cikin 10 kuma ba su jin jentamisin. Watau matakin farko na tsanin ya riga ya ruɓe a wurare da yawa. A nan Badun, Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Badun da abokan aikinta sun shafe shekaru suna karɓar ƙwayoyin cuta daga asibitocin ƙasar nan suna karanta tsarin gadonsu dalla-dalla. Sun sami ƙwayar taifot da ba ta jin tsofaffin magungunanta, watau amfisilin da kuloramfenikol da Septrin. Sun kuma sami wata bakteriya mai suna Acinetobacter, wadda ta shahara da maƙalewa a ɗakunan masu jinya mai tsanani, ɗauke da dabarar da ke lalata har merofenem. Wannan dabara, wadda ake kira NDM-1, an fara gano ta ne a 2008 a jikin wani maras lafiya a ƙasar Suwidin bayan ya yi jinya a Indiya. Ga ta yau a Nijeriya.

Alƙaluman duniya sun tabbatar da haka. Wani babban ƙiyasi da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai bakteriyar da ba ta jin magani ta kashe kimanin mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma tana da hannu a mutuwar kimanin miliyan 4.95. Wannan ya zarce adadin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a wannan shekara, ya kuma zarce na cutar ƙanjamau. Da aka auna gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki na duniya asara, da mutum 27 cikin kowane 100,000. A Nijeriya an ƙiyasta mutum 64,500 da ta kashe kai tsaye. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa a nahiyar Afirka 1 cikin kowace cuta 5 ta bakteriya da aka tabbatar a ɗakin gwaji a 2023 ba ta jin maganin da aka saba ba ta.

Idan aka bi sawun al'amarin daga gadon asibiti, sai ya kai mutum bakin titi. Bisa dokar ƙasa, yawancin antibayotik ba a sayar da su sai da takardar likita. Amma kowa ya san yadda abin yake a tasha da kasuwa. Direba ya ji cikinsa ya juya, ya aika yaron mota ya sayo masa ja da rawaya guda 2 da Flagyl, ya kora da shayi ya hau hanya. Ɗan dako ya ji jikinsa ya yi tsami, mai tallar magani a faranti ya haɗa masa ƙwayoyi 5 a ƙullin leda, ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga ciki. Mace ta haihu lafiya, jaririnta lafiya, amma a sayo Ampiclox na ɗigawa a ba shi wai don ya wanke masa ciki. Wannan na ƙarshe abin takaici ne ƙwarai, gama ƙauna ce ta sa ake yinsa, amma abin da yake yi shi ne ya kashe bakteriya masu amfani da jaririn ke buƙata a hanjinsa, ya bar masu taurin kai. Jariri lafiyayye nonon uwa ya ishe shi.

Ba za a yi adalci ba in aka ɗora laifin duka a kan jahilci. Wanda ya sayi kafso 2 maimakon 15, sau da yawa kuɗin 2 ɗin ne a aljihunsa. Wanda ya nufi kemis maimakon asibiti, lissafi ya yi na kuɗin mota da na kati da yinin da zai ɓata a layi ba ciniki. A wani gefen kuma akwai yara a ƙauyuka da ke mutuwa da ciwon huhu don ba su sami antibayotik ɗin da zai cece su ba sam. Saboda haka manufar hukuma ba ta hana jama'a magani ba ce, so ake wanda ke buƙata ya samu cikakke mai inganci, wanda ba ya buƙata kuma a bar shi. Amma duk da haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafso 2 ba ya kashe taifot, sai dai ya kwantar da ita kwana biyu ta taso da ƙarfinta. Jabun magani da wanda ya sha rana a faranti har ƙarfinsa ya ragu, su ma aikinsu ɗaya da rabin magani. Wannan ne ya sa ake jaddada duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, da sayen magani a kantin da ke da rajista.

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a birni da ƙauye, wadda ya kamata a tsaya a kanta. Kusan duk wanda ya yi zazzaɓi ya je aka ɗebi jininsa, sai ya dawo da labarin cewa maleriya ce da taifot. Awon da aka fi dogara da shi wajen faɗin haka, wanda ake kira awon Widal, tsohon awo ne tun na ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba ƙwayar taifot ɗin yake gani ba, alamar da jiki ya bari ne bayan ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta. A ƙasar da ruwan sha bai inganta ba, mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya za su nuna wannan alama. Sakamakon haka, dubban mutane na shan sifuro da allurar seftiriyazon a kan taifot ɗin da ba su da ita, ana ta ƙarar da kaifin magungunan da za a nema ranar da ta gaskiyar ta zo. A ƙasar Pakistan an ga inda wannan hanya ke kaiwa. A 2016 wata irin taifot ta ɓarke a lardin Sindh wadda ba ta jin tsofaffin magungunan nan 3, ba ta jin sifuro, ba ta jin seftiriyazon, ta kama dubban mutane, yawancinsu yara. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ake shuka ƙwayar. Akan ɗebi jini ko fitsari ko mugunya a sa a cikin kwalba ko faranti mai ɗauke da abincin bakteriya, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar jikin mutum. In ta tsiro, a gane ko wace iri ce. Sa'an nan a shimfiɗa ta a wani faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna dabam-dabam a kai. Washegari sai a duba: takardar da ƙwayoyi suka mutu a kewayenta, maganinta na aiki, wadda kuwa suka tsiro har gindinta, maganinta ya tashi aiki. Wannan yakan ci kwana 2 zuwa 3, wani lokaci ya fi haka, kuma yana da kuɗi. Dangin maras lafiya sukan ga kamar ɓata lokaci ne, ko wata hanyar tatsar kuɗi. Amma likita ba ya zama jiran sakamako hannu rabbana, yakan soma da maganin da ya fi kyautata wa zato, in sakamako ya fito ya gyara. Kuɗin awo ɗaya bai kai na allurar mako guda da aka yi a kan kuskure ba. Abu ɗaya ke ɓata wannan awo, shi ne maras lafiya ya riga ya sha antibayotik a gida, domin ƙwayar takan ƙi tsirowa a faranti alhali tana nan a jiki. Saboda haka ɓoye wa likita abin da aka sha kafin a zo, don kunya ko tsoron faɗa, cutar kai ne. A kawo kwalin ko ledar a nuna masa.

Masu harkar dabbobi, waɗanda suke da yawa a wannan yanki, su ma maganar ta shafe su. Tetirasaikilin da ake ɗirka wa saniya bayan doguwar tafiya a mota, da garin maganin da ake zuba wa kaji a ruwa kullum don su yi saurin girma, dangin magungunan mutane ne. Ƙwayoyin da suka saba da su a cikin dabba sukan fito ta kashi su shiga rijiya da rafi da lambu, ko su biyo nama da madara da hannun mahauci. A 2015 aka gano a ƙasar Sin wata dabarar bijire wa kolistin, maganin nan na ƙarshen tsani, a jikin aladu da naman kasuwa da marasa lafiya a asibiti lokaci guda. Kowane maganin dabbobi yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, an rubuta a jikin kwalba, likitan dabbobi kuma zai bayyana shi.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai. A 2017 aka ƙaddamar da shirin ƙasa na farko na yaƙi da wannan matsala, wanda ma'aikatun lafiya da aikin gona da muhalli suka tsara tare, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka tana jagoranci. A wannan shekara Nijeriya ta shiga tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na tattara bayanai a kan ƙwayoyin da ba su jin magani, aka kuma sa ɗakin gwaji na UCH cikin waɗanda ake aika wa ƙwayoyi daga sauran asibitoci domin tantancewa. A 2024 aka fitar da shiri na biyu, wanda zai kai 2028. A watan Satumba na 2024 ƙasashen duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da nasaba da wannan matsala da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Duk shekara kuma, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, akan yi makon faɗakarwa a kanta. Sai dai shiri a takarda ba ya kawo ruwan famfo ɗakin haihuwa. Aikin da ya rage wa hukumomi na tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi shi ne samar da ruwa da sabulu da ɗakunan gwaji masu aiki a asibitoci, da hukunta masu fataucin jabun magani.

A cikin asibiti, abin da ya fi kowane tasiri abu ne mai araha, watau wanke hannu. Tun a 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa wanke hannun masu karɓar haihuwa na rage mutuwar masu jego ƙwarai da gaske. Wannan wajibi ne a kan likita da nas, haka kuma a kan mai jinya da mai dubiya. Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, ba mai hana ta. Amma mutum 10 su shiga ɗaki lokaci guda, a gaisa hannu da hannu, a zauna a bakin gado, a ɗaga bandeji a ga yadda miki yake, a karɓi jariri daga wannan hannu zuwa wancan, sa'an nan a zarce gadon maƙwabci a yi masa sannu, wannan hanya ce da ƙwayoyi ke bi daga gado zuwa gado, su kuma bi mutum har gida. In ma'aikata sun taƙaita masu shiga ɗakin bakwaini ko na masu tiyata, ba wulaƙanci ba ne. A wanke hannu da sabulu kafin a shiga da bayan an fito. Mai jinya yana da damar tambayar likita cikin ladabi ko lokacin cire robar fitsari ko allurar jijiya ya yi, gama duk kwanan da suka ƙara ba tare da buƙata ba, ƙofa ce a buɗe. Allurar rigakafi ta yara, musamman ta ciwon huhu da ta gudawa da ta ƙyanda, ita ma tana cikin wannan yaƙi, domin yaron da bai kwanta ba, ba a nemi antibayotik dominsa ba.

Wanda likita ya rubuta wa antibayotik, ya sha shi daidai yadda aka ce, adadinsa da lokacinsa da kwanakinsa. Binciken zamani ya nuna cewa waɗansu cututtuka kwana 3 ko 5 ya ishe su, waɗansu kuwa, kamar tarin fuka, sai wata 6. Likita ne ke yanke wannan, ba jin sauƙin jiki ba. Kada a rage don a ajiye wa gaba, kada a ƙara, kada a ba maƙwabci ragowa don ciwonsa ya yi kama da wanda aka yi. In likita ya duba yaro ya ce mura ce, a ba shi ruwa da abinci da maganin zazzaɓi kawai, to, ya yi aikinsa, kada a fita a ce bai iya ba a nufi kemis.

Saura magana ɗaya da ta shafi mazauna Ojoo da Sabo musamman. Sanannen abu ne cewa in ciwo ya tsananta ga baƙo, abin da yakan fara nema shi ne a kai shi gida, a sa shi a mota zuwa Kano ko Sakkwato ko Katsina. In har tafiyar ta zama dole, kada a fice daga asibiti a ɓoye. A sanar da likita, a karɓi takardar da ke nuna irin ƙwayar da aka samu, da magungunan da ta ƙi ji, da wanda ake kai, da kwanakin da suka rage. A tanadi maganin da zai isa hanya. Da an isa a miƙa takardar ga asibitin can tun a ranar farko, domin kada su koma matakin farko na tsani su ɓata mako guda a kan maganin da aka riga aka san ba ya aiki, domin kuma su san irin gadon da za su ba shi da irin tsarin da za su yi don kare sauran marasa lafiya da ke ɗakin.